Diskirit: Lissafin da ya kusa kore ni daga karatun kwamfuta

Yau hirar tamu a kan lissafi ce. Na san wasu daga jin haka har sun fara neman takalmansu, to don Allah a ɗan zauna tukuna, wannan lissafin ba irin na "nemo x" ba ne.

Kwanakin baya wani ƙanena a Gumel ya tare ni bayan sallar la'asar. Ya samu gurbin karatun kimiyyar kwamfuta, yana aji biyu, ya ce min: "Yaya, ni fa kodin na je koya, sai ga shi an haɗa ni da wani kwas wai shi diskirit. Anya ba zan canza fanni ba?" Na yi dariya, don ni ma na taɓa wannan tunanin. Na faɗi kwas ɗin a karon farko, sai da na maimaita shi. Littafin da aka ce mu karanta shi ne Discrete Mathematics and Its Applications na Kenneth Rosen, wanda jami'o'i da dama a duniya suke amfani da shi. Kaurinsa kaɗai ya isa ya karya maka gwiwa. Na yi fotokofin babi biyu, na ajiye, ban sake buɗewa ba sai daren jarrabawa. Abin da na shuka shi na girba.

To mene ne diskirit ɗin? A taƙaice, lissafin abubuwan da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya ne. Ka je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, shanu ƙirga su ake yi: 10, 11, 12. Babu saniya goma da rabi. Amma man gyaɗa ko fetur aunawa ake yi, kana iya samun lita ɗaya da rabi, ko da kwata. Kwamfuta kuwa 'yar ƙirga ce. Duk abin da ke cikin wayarka, hoto ne, murya ce, saƙo ne, a can ƙasa 0 da 1 ne kawai. Shi ya sa lissafin ƙirga ya zama harshenta.

Babin farko na irin waɗannan littattafan kusan kullum manɗiƙi ne, wato ka'idojin "idan kaza, to kaza", da "kuma", da "ko". Ɗaliban ilimi na zaure sun san manɗiƙi tun da daɗewa. Wani Bature ɗan Ingila, George Boole, shi ya mayar da shi lissafi a littafinsa na 1854. Ga misali: idan an yi ruwan sama, ƙasa za ta jiƙe. Yanzu ka fito ka ga ƙasa a jiƙe, shin lallai ruwa aka yi? A'a, ƙila ɗan garuwa ne ya kifar da jarka. Wannan ƙaramin kuskuren shi ne yake lalata manhajoji, kuma shi ne yake sa mu yarda da jita-jita a Facebook. Ka duba na'urar POS: za ta ba da kuɗi ne idan lambar sirri daidai ce KUMA akwai kuɗi a asusun. A ce mai rubuta manhajar ya sa KO a wurin KUMA. Duk wanda ya tsinci katinka, muddin da kuɗi a ciki, ya wuce da su. Kalma ɗaya ce fa.

Sai babin rukuni da ƙirga. Nan ne na sha kunya a zahiri. Mun taɓa tattara sunayen matasa don wani horo, daga Gagarawa da Sule Tankarkar. Takarda ɗaya ta manoma, mutum 60. Ɗaya ta masu sana'ar hannu, mutum 45. Na haɗa, na rubuta 105, muka nemi kuɗin abinci da na mota a kan haka. Ranar taro mutum 85 ne. Ashe mutum 20 suna cikin takardun biyu, suna noma kuma suna sana'a, na ƙirga su sau biyu. Wallahi ranar sai da aka yi mana kallon waɗanda suka ƙara suna don cin kuɗi. Ka'idar tana nan cikin littafin da na ƙi karantawa: ka haɗa biyun, ka cire waɗanda suka fito sau biyu. 60 da 45, a cire 20, saura 85.

A babin ƙirgar ne kuma za ka gane dalilin da ya sa ake cewa ka tsawaita kalmar sirrinka. Lambar ATM guda huɗu ce, kowane gurbi yana da zaɓi 10. Goma sau goma sau goma sau goma, 10,000 ke nan. Ka ƙara gurbi biyu kacal, ta koma 1,000,000. Wannan ne ma ya sa banki yake toshe kati bayan an yi kuskure 'yan lokuta, don kar wani ya zauna yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ga wanda na fi so, babin taswirar ɗigo da layi, wanda ake kira giraf. Ɗigo gari ne, layi hanya ce. An faro wannan fanni ne a 1736, lokacin da Leonhard Euler ya warware wata tambaya a kan gadoji bakwai na birnin Königsberg. Mu kawo shi gida. Masarautar Gumel ƙananan hukumomi huɗu ne: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. A ce kana raba kaya, ka tashi daga Gumel, dole ka shiga sauran ukun ka dawo. Jeri nawa za ka iya bi? Na farko zaɓi 3, na biyu 2, na ƙarshe 1. Jeri 6. Ka zauna da biro ka lissafa man kowanne, ka ɗauki mai arha. To idan garuruwan da za ka shiga 10 ne, ban da Gumel, fa? Jeri 3,628,800. Idan kuma ƙananan hukumomin Jigawa 27 za ka zagaye, ka tashi daga Dutse, adadin jerin lamba ce mai gurbi 27. Babu kwamfutar da za ta bi su ɗaya-ɗaya ta gama muna raye. Dole sai dabara. Neman irin wannan dabarar shi ne ainihin aikin masanin kwamfuta. Hanyar da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959 ta gano hanya mafi kusa tsakanin wuri biyu, har gobe ana koyar da ita, kuma a kan irinta manhajojin taswira suka ginu.

Akwai kuma lissafin saura. Yau Alhamis, dillali ya ce ka dawo bayan kwana 100. Wace rana ke nan? Raba 100 gida 7: mako 14, saura 2. Alhamis ka ƙara kwana biyu, Asabar. Kamar wasa ko? To wannan lissafin sauran, haɗe da lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, su ne ginshiƙin RSA, tsarin ɓoye saƙo da aka fitar a 1977, ɗaya daga cikin hanyoyin da ake tsare hulɗar banki a intanet. Ninka 7 da 13 ka samu 91 abu ne mai sauƙi. A ba ka 91 a ce nemo waɗanda aka ninka, sai ka ɗan yi tunani. Idan lambar ta kai gurbi ɗaruruwa, aiki ya gagari kowa.

Masu cewa wannan ilimin na Turawa ne, ku saurara. Kalmar algoridim daga sunan Al-Khwarizmi ta fito, malamin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. Mu dawo kusa. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, mutumin Katsina, ya yi rubutu da Larabci a 1732 a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, kamar uku-uku ko biyar-biyar. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Gwada ka gani: layin farko 2, 7, 6. Na biyu 9, 5, 1. Na uku 4, 3, 8. Ka haɗa a kwance, ka haɗa a tsaye, ka haɗa a karkace, duk 15 za ka samu. Tsarin cike gidajen nan mataki-mataki, algoridim ne sak. Bakatsine yana wannan aikin shekara huɗu kafin takardar Euler ta gadoji.

Abin da ya sa na damu da maganar nan shi ne, yanzu kowa yana son shiga harkar fasaha. Ana horon wata uku, ana raba satifiket, ga ChatGPT yana rubuta kod cikin daƙiƙa. Duk alheri ne. Amma idan na'ura ta rubuta maka abu, wa zai duba ko daidai ne? Wanda ya san manɗiƙi da ƙirga. Wanda ya haddace kod kawai ba tare da wannan tushen ba, ranar da abu ya lalace sai dai ya zuba ido. Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da masu karatun kwamfuta a Kazaure, da masu shirin koyar da lissafi a Kwalejin Ilimi ta Gumel, wannan kwas ɗin kar ku ɗauke shi na "a dai ci a wuce".

Ga abin da ya fisshe ni a zagaye na biyu. Na daina karanta littafin kamar labari. Shafi biyu a rana, da biro da takarda, sai na warware tambaya biyar daga ƙarshen sashen kafin in duba amsa. Duk ka'idar da na gani, sai na nemo mata misali a gida: kasuwa, adashi, rabon taki, layin mota. Sannan muka haɗu mu huɗu, kowa ya ɗauki babi ya yi wa sauran bayani da Hausa. Abin da ka kasa faɗa da Hausa, to ba ka gane shi ba tukuna. Kuma ba ya buƙatar data ko wuta, ko an ɗauke NEPA kana iya yi.

Shi ƙanen nawa na ba shi tsohon kwafina, duk ya sha zane da jan biro. Na ce ya gama babin farko kafin ya sake min maganar canza fanni.

Kafin mu rabu, ga aikin gida. Mutum 13 suna zaune a majalisa. Ba ka san kowa ba, amma za ka iya rantsuwa cewa aƙalla biyu daga cikinsu a wata ɗaya aka haife su. Me ya sa? Ku yi tunani, za mu buɗe da amsar a shiri na gaba in Allah ya kai mu.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani.