Baƙin Tabarau: Fim Ne, Kuma Ba Wanda Ya Haramta Shi

Akwai wani guntun bidiyo da ya ƙi mutuwa a wayoyinmu. Bayan 'yan watanni sai wani ya tono shi ya sake watsawa a zaurukan WhatsApp da Facebook da TikTok. Wani ƙaƙƙarfan Bature ne mai dogon gashi, sanye da rigar leburori, ya samu baƙin tabarau ya saka. Nan take gari ya koma fari da baƙi, allunan talla suka rikiɗe suka zama umarni: yi biyayya, yi ta sayayya, kada ka yi tunani, ci gaba da barcinka. Ya kalli kuɗin da ke hannun mai sayar da jarida, ya ga an rubuta a jikinsu cewa su ne abin bauta. Ya juya ga wani attajiri mai kwat, sai ga fuska ba fata, idanu ƙwala-ƙwala. A kan wannan ne ake ɗora muryar wani da Hausa, yana ta rantse-rantse cewa fim ɗin ya tona asirin masu juya duniya. Wai Yahudawa ne, wai rundunar Dujal ce, wai gwamnatin Amurka ta haramta shi, wai an kashe jarumin saboda shi. A ƙarshe a ce ka tura wa mutum goma kafin a goge.

Na gaji da ganin wannan abu, musamman idan ya fito daga hannun masu karatu, waɗanda da sun ba da minti biyu da sun gano gaskiya.

Sunan fim ɗin They Live. Ƙagaggen labarin kimiyya ne, irin fina-finan nan da ba su cika kasuwa can-can ba lokacin fitowarsu amma suka tara 'yan gani-kashe-ni da ke maimaita kallonsu shekara da shekaru. John Carpenter ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni, shi ne mutumin da ya yi Halloween a 1978 da The Thing a 1982. Ya ɗauko tushen labarin daga wani gajeren labari da Ray Nelson ya buga a wata mujalla a 1963. Jarumin kuwa ɗan kokawar resilin ne haifaffen Kanada, Roddy Piper. A fim ɗin lebura ne da ya shigo Los Angeles neman aiki, ya kwana a sansanin marasa muhalli, 'yan sanda suka zo da katafila suka rushe sansanin, shi kuma ya gano cewa wasu halittu daga wata duniyar sun saje da masu kuɗi suna tatsar mutane.

Mu fara da batun haramtawa, don shi ya fi sauƙin karyatawa. Kamfanin Universal, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Hollywood, shi ya rarraba fim ɗin a gidajen sinima ranar 4 ga Nuwamba, 1988. A makonsa na farko shi ya zo na ɗaya a ciniki a faɗin Amurka. An kashe kimanin dala miliyan 3 wajen yin sa, ya dawo da kimanin miliyan 13. Daga nan ya shiga kaset, ya shiga faifai, yau yana kan intanet ga duk mai so. Wane irin haramtaccen abu ne ake buga wa talla a jarida, ake sayar da tikitinsa a bainar jama'a? Shi kuma Piper da ake cewa an kashe, ya ci gaba da kokawarsa da fina-finansa har shekara 27 bayan nan. Ya yi fama da ciwon daji a 2006 ya warke, ya rasu cikin barcinsa a Yulin 2015 yana da shekara 61, zuciya ce ta tsaya. Idan makasa ne, lallai sun iya haƙuri. Carpenter, wanda shi ne ya kamata a fara nema idan da asiri aka tona, ya ci gaba da yin fina-finai har 2010, sannan ya koma yin kiɗa yana yawon wasa a ƙasashe.

Babbar ɓarakar tana wajen fassarar da ake yi wa fim ɗin, cewa saƙon sirri ne a kan wata ƙabila ko wasu aljanu da ke mulkin duniya a ɓoye. Mai fim ɗin bai bar mu cikin duhu ba. Ya faɗa a hirarraki da yawa cewa haushin mulkin Ronald Reagan ne ya sa shi yin sa. Reagan ya mulki Amurka daga 1981 zuwa farkon 1989. A zamaninsa harajin da ake ɗora wa mafi yawan samu ya sauko daga kashi 70 cikin ɗari zuwa kashi 28. A shekararsa ta farko ya kori ma'aikatan kula da zirga-zirgar jiragen sama fiye da 11,000 saboda yajin aiki. Masana'antun ƙarfe suna rufewa, masu kwana a titi suna ƙaruwa, talabijin kuwa ba abin da take yi sai kiran mutane su saya. Abokin jarumin a fim ɗin, wanda Keith David ya fito a matsayinsa, baƙar fata ne da ya baro iyalinsa a Detroit saboda masana'antu sun rufe. An saki fim ɗin kwana huɗu kafin zaɓen da mataimakin Reagan, George Bush babba, ya ci. Duk wanda ya yi wayo a zamanin SAP na Babangida, wanda aka ƙaddamar a 1986, ya san wannan iska, don ita ce ta kaɗo har ƙofar gidajenmu: a karya darajar kuɗi, a janye tallafi, a ce kasuwa za ta gyara komai.

To daga ina fassarar Yahudawa ta fito? Daga wajen 'yan aƙidar Nazi na Amurka, masu ɗaukaka farar fata, waɗanda suka riƙa yanka hotunan fim ɗin suna liƙa musu nasu rubutun. Abin ya kai ga a Janairun 2017 Carpenter ya fito a Twitter ya ce fim ɗinsa a kan matasan 'yan jari-hujja ne da jarin da ba shi da linzami, kuma danganta shi da Yahudawa ƙarya ce da ɓata suna. Ka tsaya ka yi tunani, ɗan'uwa. Mutanen da suka ƙirƙiri wannan fassara, kai baƙar fata kuma Musulmi kana cikin jerin waɗanda suka fi tsana. Sun yi amai, kai kuma kana kwasa kana rarraba wa surukanka da sunan wayar da kai. Wanda ke da ƙorafi a kan abin da ake yi wa Falasɗinawa yana da hujjoji a fili, a rubuce da hotuna, ba ya buƙatar ɗan kokawa da dodannin roba su tsaya masa shaida.

Na ce roba, don roba ce. Abin rufe fuska ne aka ƙera, kuma saboda ƙarancin kuɗi mutum ɗaya, Jeff Imada, mai tsara faɗace-faɗacen fim ɗin, shi ya saka ya fito a matsayin da yawa daga cikin dodannin, maza da mata.

Ga wani abin dariya da masu ɗora murya ba sa so a lura da shi. Cikin umarnin da dodannin suka ɓoye a allunan talla har da wanda ke cewa a yi aure a hayayyafa. Su kuma mutanen da ke turo mana bidiyon su ne gobe za su ce masu juya duniya so suke su hana mu haihuwa. Wanne za mu ɗauka? Idan fim ɗin wahayi ne, sai su yarda cewa maƙiyan namu 'yan son aure ne. Sun san ba haka ba ne, shi ya sa ake wuce wurin da sauri.

Za a ce ai Piper da kansa ya taɓa cewa fim ɗin labarin gaskiya ne. Ya faɗa, shekaru da yawa bayan fitowarsa. Amma shi ɗaukarsa aka yi aiki, bai rubuta ko layi ɗaya na ginshiƙin labarin ba, kuma sana'arsa ta asali ita ce tayar da ƙura a gaban kyamara don a cika filin kokawa. Haka ma batun ɓoyayyun saƙonni a talla, tsohon zance ne. A 1957 wani ɗan talla, James Vicary, ya yi iƙirarin cewa ya riƙa walƙa kalmomi a allon wata sinima a New Jersey, cinikin gugguru da Coca-Cola ya tashi. A 1962 ya amsa cewa dabarar neman kasuwa ce kawai. Talla ba ta buƙatar ɓuya. A fili take ce wa 'yarka sai ta yi fari za ta yi kyau, a fili take ce wa ɗanka da naira ɗari zai ci miliyan a cacar ƙwallo.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne guntun da ake yaɗawa ya yanke ainihin zuciyar fim ɗin. Dodannin ba su da yawa, kuma ba su ci duniya da yaƙi ba. Mutane suka saya. Akwai wani da aka gani a farko a sansanin marasa muhalli yana zaune gaban talabijin cikin tsumma, can gaba sai ga shi cikin kwat a liyafar manya, yana gaya wa jarumin cewa kowa ma yana sayar da kansa, gara a bi ɓangaren da ke ci. Matar da jarumin ya amince wa ita ta harbe abokinsa. Da ɗan gari akan ci gari. Idan ka ɗauke wannan ka ce aljanu ne ko wata ƙabila can nesa, ka wanke wanda ya cinye kuɗin asibitin garinku, ka wanke wanda ya ɓoye hatsi yana jiran ya yi tsada, ka kuma wanke kanka.

Wannan ne ya sa fim ɗin bai tsufa ba, ga kuma wani faɗa da aka yi a lungu a cikinsa. Kusan minti 6 jarumin da abokinsa suna jibgar juna, ba don kuɗi ko mace ba, sai don ɗaya yana so ɗayan ya saka tabarau ya gani, shi kuma ya ce yana da iyali, a ƙyale shi. An ɗauki makonni ana gwajinsa. Shirin South Park ya kwaikwaye shi a 2001, masanin falsafa Slavoj Žižek ya buɗe wani fim ɗinsa na 2012 da sharhi a kansa. Mai zane Shepard Fairey, wanda ya yi shahararren hoton yaƙin neman zaɓen Obama a 2008, daga fim ɗin ya ɗauko kalmar OBEY, yau kuma tambarin kamfanin tufafi ce da ake saye da tsada. Fim mai zagin sayayya ya zama hular sayarwa. Sauran dalilan ɗorewarsa, irin su kiɗansa da zuwan bidiyon gida da sauƙin yanka hotunansa a intanet, sun taimaka su ma.

Kada a ce yaɗa irin wannan jita-jita wasa ne, ba wanda ya cutu. Wannan ɗabi'a ta ganin ɓoyayyen hannu a komai ita ta share wa jita-jitar allurar shan-inna hanya a 2003, aka dakatar da rigakafi a Kano har tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, yara suka shanye. Ba na musun cewa ana cutar da mu. Gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996 gaskiya ne. Amma 'yan jarida da takardu da lauyoyi ne suka bi shi har aka yi sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009. Muryar da ba ta da suna a kan guntun fim ba ta taɓa ƙwato wa kowa haƙƙinsa ba.

Don haka idan irin wannan bidiyo ya shigo wayarka, fara neman sunan fim ɗin da shekararsa. Idan mai maganar bai faɗa ba, ya ɓoye ne don kada ka bincika. Ɗauki hoton allon wayarka ka saka a Google Lens, cikin daƙiƙu zai nuna maka inda aka yanko shi. Dubi saman saƙon: idan WhatsApp ya sa masa kibiya biyu, ya yi yawo hannu da hannu, ba wanda zai iya ce maka ga mai shi. Tambayi kanka wane ne mai muryar, ina ya yi karatu, ina za a same shi idan ta tabbata ƙarya ce. Duk saƙon da ya ce ka yi sauri kafin a goge, ko ya haɗa ka da Allah ka tura, tsayar da shi nan. Rantsuwa ba hujja ba ce, kuma aya ta 6 a Suratul Hujurati ta riga ta ɗora mana nauyin bincike kafin ɗaukar labari. Yanzu ma da manhajoji ke iya ƙirƙirar fuska da murya, abin da ido ya gani a waya ya rage daraja.

Malamai masu hawa mumbari, don girman Allah, alamomin tashin kiyama suna da littattafansu da isnadinsu, kada a cakuɗa su da kayan Hollywood. Masu fassara fina-finai da masu yanka su a TikTok, ku riƙa barin sunan fim da na masu yin sa. Masu kula da zauruka, goge saƙo ba rashin kunya ba ne, aikin da kuka karɓa ke nan. Idan babba ne ya turo, kawu ko baffa ko malamin unguwa, kada ka ƙaryata shi a gaban yara. Bi shi ta gefe, ka gaishe shi, ka ce Baba ga abin da na gani a kan bidiyon nan, ka tura masa hoton fostar fim ɗin. Yawancinsu da kyakkyawar niyya suke turawa, kuma idan aka kiyaye musu girma da kansu suke janyewa.

Mai son kallon fim ɗin ya kalle shi gaba ɗaya, bai wuce awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna ba. Sai dai a sani akwai ashariya da harbe-harbe a ciki, kuma a fitowa ta ƙarshe akwai tsiraici, saboda haka ba na falo ba ne da yara da iyaye. Idan kana so ka nuna wa 'ya'yanka, wurin allunan talla ya isa. Daga nan ka ɗauko tallar da ke shigo musu waya, ta man bilicin ko ta bashin gaggawa ko ta masu alkawarin ninka kuɗi irin MMM da ta rufta da jama'a a ƙarshen 2016, ku zauna ku duba wa ya biya aka yi ta da kuma nawa yake so ya karɓa daga aljihunsu.