Kafin akwatin zaɓe: yadda jam'iyyu ke fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa a Benin da maƙwabtanta

A kasuwar Malanville, inda 'yan kasuwar Benin da na Nijar da na Najeriya suka saba haɗuwa, hirar siyasa ba ta yankewa. Mai sauraron gidajen rediyon Hausa ya san labarin deliget da zaɓen fid da gwani na Najeriya ciki da bai. Amma idan aka tambaye shi yadda sunan mutum ke hawa kan takardar zaɓen shugaban ƙasa a Benin, sau da yawa sai amsa ta gagara. Alhali a wannan mataki ne ake yanke rabin hukunci, tun kafin talaka ya dangwala yatsa.

Matsayin ɗan takara a jam'iyya

Kowace jam'iyya tana tsayar da mutum ɗaya ne a zaɓen shugaban ƙasa, ko da masu sha'awa sun kai goma. Hanyoyin tace su uku ne. Ta farko ita ce ƙato bayan ƙato, inda duk mai katin jam'iyya ke da ƙuri'a. Ta biyu ita ce ta wakilai, waɗanda ake kira deliget: reshen jam'iyya na kowane yanki ya turo 'yan mutane kaɗan zuwa babban taro, su yi zaɓe a madadin sauran. Ta uku ita ce sasanci, wato manyan jam'iyya su daidaita a kan mutum ɗaya, babban taro kuma ya amince da shi. Kowace hanya tana da wanda take ba ƙarfi: ta farko 'yan jam'iyya, ta biyu masu iko da wakilai, ta uku shugabanni.

Najeriya: ƙuri'ar deliget

Dokar zaɓen Najeriya ta 2022 ta ba jam'iyyu damar ɗaukar kowace daga cikin hanyoyin nan uku, kuma manyan jam'iyyu biyu sun bi ta wakilai wajen fitar da 'yan takarar 2023. PDP ta yi taronta a Abuja ranar 28 ga Mayun 2022, da wakili ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma cikin 774 da ƙasar ke da su. A tsakiyar taron, gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya janye ya buƙaci magoya bayansa su zaɓi Atiku Abubakar. Atiku ya samu ƙuri'a 371, Nyesom Wike ya samu 237. Wike bai manta ba, kuma ɓarakar da ta biyo baya ta bi PDP har ranar babban zaɓe.

APC ta yi nata taron a dandalin Eagle Square a watan Yunin 2022, da wakilai uku daga kowace ƙaramar hukuma. Bola Tinubu ya samu ƙuri'a 1,271, Rotimi Amaechi 316, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo 235. A 2022 kuɗin takardar neman takara kawai ya kai naira miliyan 100 a APC, miliyan 40 a PDP. Ga kuma zargin sayen wakilai da daloli, wanda jaridun ƙasar suka yi ta yayatawa. Dalilin zargin a fili yake: idan masu zaɓe ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba, mai kuɗi zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya, abin da ba zai yiwu ba da miliyoyin 'yan jam'iyya.

Nijar: babban taro da tsagewar jam'iyya

A ƙetaren gada, daga Gaya zuwa Yamai, an fi sabawa da babban taron jam'iyya, inda shugabanta kan zama ɗan takararta. A 1991 Tandja Mamadou ya doke Moumouni Adamou Djermakoye wajen neman shugabancin MNSD-Nassara, sai Djermakoye, ɗan Dosso, ya fice ya kafa ANDP-Zaman Lahiya. A ƙarshen Maris na 2019 kuwa, PNDS-Tarayya ta tsayar da Mohamed Bazoum tun saura fiye da shekara ɗaya da rabi a yi zaɓe, da goyon bayan shugaba Mahamadou Issoufou. Wannan tsari ya tsaya cak bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma a Maris na 2025 mahukuntan soja suka rusa jam'iyyun siyasar ƙasar baki ɗaya.

Benin: daga 'yan takara 33 zuwa biyu

Benin ta daɗe tana bin wata hanya dabam. Bayan taron ƙasa na 1990, jam'iyyu sun yi yawa ƙwarai, kuma mutum na iya tsayawa ba tare da jam'iyya ba. Thomas Boni Yayi a 2006 da Patrice Talon a 2016 duk sun ci zaɓe ne a matsayin 'yan takara masu zaman kansu. A zagayen farko na 2016, mutum 33 ne suka tsaya.

Gyaran tsarin mulki da dokar zaɓe na Nuwamban 2019 ya sauya wannan. An ƙirƙiro muƙamin mataimakin shugaban ƙasa, aka kuma shigo da abin da ake kira parrainage da Faransanci, wato lamuni: dole ɗan takara ya kawo takardun goyon baya daga kashi 10 cikin 100 na 'yan majalisar dokoki da magadan gari. A 2021 hakan na nufin sa hannun mutum 16 cikin 160. Matsalar ita ce, jam'iyyu biyu masu goyon bayan Talon ne kaɗai suka shiga zaɓen majalisa na 2019, don haka 'yan adawa ba su da ɗan majalisa ko ɗaya. Jam'iyyar Les Démocrates ta tsayar da Reckya Madougou, amma hukumar zaɓe CENA ta ƙi karɓar takararta saboda rashin lamuni. Mutum uku ne suka fafata a zaɓen 11 ga Afrilun 2021, Talon ya lashe da kusan kashi 86 cikin 100.

A Maris na 2024 majalisa ta ƙara tsaurara sharaɗin zuwa kashi 15 cikin 100. Da 'yan majalisa 109 da magadan gari 77, adadin da ake buƙata ya zama 28, kuma dole su fito daga aƙalla uku bisa biyar na mazaɓun ƙasar 24. Bayan haka, ɗan majalisa ko magajin gari ba zai lamunci kowa ba sai ɗan jam'iyyarsa ko wanda jam'iyyar ta nuna, sai fa idan akwai yarjejeniya tsakanin jam'iyyu.

Takarda ɗaya ta rusa takara

Les Démocrates ta samu kujeru 28 daidai a zaɓen majalisa na Janairun 2023, ba ragi ba ƙari. Wato a lokacin kowane ɗan majalisarta yana riƙe da makullin takarar jam'iyyar gaba ɗaya. A Oktoban 2025 jam'iyyar, ƙarƙashin Boni Yayi, ta zaɓi lauya Renaud Agbodjo. Ɗaya daga cikin 'yan majalisarta, Michel Sodjinou, bai yarda da yadda aka yi zaɓin ba, ya janye takardarsa. Saura 27. CENA ta ƙi takarar, kotun tsarin mulki kuma ta tabbatar da hakan.

A ɓangaren masu mulki ba a yi gasa a bainar jama'a ba. A ƙarshen Agustan 2025 jam'iyyun UP-R da BR suka sanar da ministan kuɗi na lokacin Romuald Wadagni a matsayin ɗan takararsu, tare da Mariam Chabi Talata a matsayin mataimakiya. Sunaye biyu ne suka tsallake zuwa zaɓen 12 ga Afrilun 2026: Wadagni da Paul Hounkpè na jam'iyyar FCBE.

Masu goyon bayan lamuni na cewa ya kawo ƙarshen 'yan takarar da ba su da kowa sai ƙauyensu, ya kuma tilasta wa jam'iyyu zama na ƙasa baki ɗaya. Masu suka na cewa ya miƙa wa masu rinjaye ikon zaɓar wanda zai kara da su.

Ina mutumin Malanville a ciki?

A Amurka, inda tsarin wakilai ya fi shahara, 'yan jam'iyya ne ke zaɓe jiha bayan jiha, wakilai kuma su tafi babban taro ɗauke da abin da jama'a suka zaɓa. Ko a can ma, da Joe Biden ya janye a Yulin 2024, wakilan ne suka tsayar da Kamala Harris ba tare da an sake komawa wajen jama'a ba.

A Benin, 'yan majalisa da magadan gari su ne suka zama tamkar deliget. Malanville tana mazaɓa ta ɗaya ce tare da Kandi da Karimama, a jihar Alibori. 'Yan majalisar da wannan mazaɓa ke turawa Porto-Novo kowannensu na da takardar lamuni guda. Magajin garin Malanville ma yana da tasa, kuma shi kansa yana fitowa ne daga cikin kansilolin da jama'a suka zaɓa, inda jam'iyyar da ke da rinjaye ke nuna shi.

Saboda haka zaɓen kansiloli da na 'yan majalisa, waɗanda wasu ke rainawa su tafi gona ko kasuwa a ranarsu, su ne ƙofar zaɓen shugaban ƙasa. Ɗan ƙasar da ya ƙi fita a waɗannan ranaku ya bar wa wasu ikon tsara sunayen da zai tarar a kan takardar babban zaɓe. Ga Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulanin bakin kogin Kwara, waɗanda rufe iyaka da Nijar tun 2023 ya taɓa kasuwancinsu kai tsaye, tambayar da ta dace a yi wa mai neman kujerar kansila ko ta majalisa ba ta tsaya ga hanya da rijiya ba. Har da wannan: idan aka ba ka takardar lamuni, wa za ka sa wa hannu, kuma wa za ka tuntuɓa kafin ka sa?