Sabon Inji A Tsohuwar Mota: Aikin Da Ya Rage Bayan An Ɗora

Duk wanda ya saba zirga-zirga tsakanin Parakou da Djougou, ko daga Djougou zuwa kasuwannin ƙauye na Donga, ya san cewa har yanzu tsofaffin Peugeot 504 da 505 ba su gama ritaya ba. Manyan bas-bas sun ƙwace musu hanyar Kwatano, amma doya da gawayi da awaki da mutanen ƙauye su ne dai ke ɗaukarsu. Da yawan masu waɗannan motoci 'yan uwanmu ne mutanen Zongo, jikokin fataken da suka riƙa ratsa Djougou da ayarin jakuna daga Kano zuwa Gwanja neman goro. Jaki ya zama mota, amma lodin bai ragu ba.

To, abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu. Idan injin mota ya gaji, ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, mai ita ba ya neman irin wanda ya fita. Sai ya ce tun da za a kashe kuɗi, gara a sa babba. A sauko da wani inji daga cikin na gwanjo da ke shigowa ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano, bakanike ya yanka nan ya yi walda can, ya tayar, kowa ya ji rugugi ya ce madalla. Ran nan kuma a shiga layi a tasha. Mu a ganinmu, ranar da inji ya tashi rabin aiki aka yi.

Bari mu fara da tarihin motar kaɗan. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, aka kuma buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, inda aka ci gaba da yin ta shekaru masu yawa bayan Faransawa sun daina. Injinta na fetur mai lita biyu yana ba da ƙarfin doki casa'in da 'yan kai, na gas mai lita 2.3 kuwa doki 70 ne. Ƙanwarta 505, wadda ta fito a 1979, tana da injin gas mai turbo da ke kaiwa doki 95 zuwa 110, da kuma mai silinda shida na fetur da ya kai doki 170. Da yake 'yan gida ɗaya ne, injin ƙanwa yana zama a cikin yayar ba tare da wahala mai yawa ba, shi ya sa kanikawa ke son wannan dashe. Wasu ma har na Toyota suke dasawa. Tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kpayo ɗin da ake sayarwa a kwalabe bakin hanya ya daina arahar da aka san shi da ita, kowa kuma ya shiga lissafin wane inji ne zai fi masa sauƙi. Sai dai injiniyoyin da suka zana motar sun auna birkinta da lagiretonta da giyarta ne daidai da injin da suka sa mata, ba da wanda za mu sa mata bayan shekara arba'in ba.

Birki shi ne kan gaba, kuma a nan za mu ɗan yi lissafi irin na 'yan makaranta. Ƙarfin da birki zai kashe kafin mota ta tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa yake yi. Idan gudu ya ninka biyu, aikin birki ya ninka huɗu. Motar da a da take tafiya kilomita 80 a awa, yanzu da sabon inji take yin 120, aikin birkinta ya ninka sau biyu da kwata, ko da ba a ƙara mata buhu ɗaya ba. Alhali kuwa mun san za a ƙara, domin dalilin sa babban injin ke nan. Doguwar 504 mai layin kujeru uku an yi ta ne don mutum bakwai ko takwas, mu kuwa mun san adadin da ke shiga, ban da abin da ke kan rufi. Kuma ita doguwar da a-kori-kura, faifai ne a gaba amma ganga ce a ƙafafun baya, ita kuwa ganga ba ta saurin huce zafi.

Duk wannan ƙarfi zafi yake komawa. Idan takalman birki suka yi zafi fiye da kima sai su daina kamawa. Man birki kuma yana tsotsar laima daga iska, in ya daɗe sai ya riƙa tafasa da wuri, direba ya taka ya ji feda ta nutse har ƙasa babu komai. Shi ya sa masu ƙera motoci ke cewa a zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu. Mu tambayi kanmu, motoci nawa ne a tasha aka taɓa yi wa haka? Ciko kawai ake yi. Tsakanin Parakou da Djougou, wajen kilomita 135, hanyar ba ta da gangara mai tsanani, saboda haka aibin yana iya ɓoyewa wata da watanni. Ranar da aka yi shatar motar zuwa Natitingou, ta shiga duwatsun Atacora ta nufi Tanguiéta, ranar ce zai fito. Saboda haka duk wanda ya ɗora babban inji, ya sa a auna kaurin faifan gaba, a sake takalma da masu kyau, a canza tiyoyin roba da suka tsattsage, a sake mai gaba ɗaya.

Akwai wani tarko da ya shafi masu fitar da injin fetur su sa na gas. Tulun nan da ke bayan fedar birki, wanda ke sa birki ya yi taushi a ƙafa, da zuƙar iska yake aiki, kuma injin fetur ne ke ba shi wannan zuƙa kyauta. Injin gas ba ya yin ta, sai an haɗa masa ɗan famfo na musamman. Injin gwanjo yakan zo babu famfon, ko ya zo da shi a mace. Idan bakanike ya ce maka, “Alhaji, birkin ya ɗan yi tauri amma za ka saba,” kada ka fitar da motar daga garejin.

Na biyu shi ne sanyaya inji. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na man da inji ya ƙona ke zama tafiya, saura zafi ne da ke fita ta salansa da ta lagireto. Babban inji ya fi ƙona mai, don haka ya fi fitar da zafi, tsohon lagireto kuwa wanda aka shekara ashirin ana ɗura masa ruwan rijiya, rabin hanyoyinsa sun toshe da tsatsa da gishirin ruwa. Ga ƙurar hunturu, ga gashin auduga da manyan motoci ke watsawa a hanya lokacin kai ta masana'anta, duk suna liƙewa a fuskarsa. A watan Maris da Afrilu, mai tafiya Kandi ko Malanville yana cikin zafin da ke kusantar digiri 40. Maganin da muka saba gani shi ne a cire tamostat a jefar, a ɗaure jarka a bayan mota. Wannan ba magani ba ne, jinkirta ranar ƙonewar gaskit ne kawai, in aka yi rashin sa'a kan injin ya lanƙwashe, kuɗin da aka ranto ya tafi. Abin da ake bukata shi ne lagireto mai kauri daidai da injin, da fanka mai rumfarta don iska ta ratsa ta cikinsa, da murfi mai riƙe matsi. Injin turbo kuma yana son abin sanyaya baƙin mai da matatar iska mai kyau, domin ƙurar jar ƙasa tana cinye fukafukan turbo.

Daga nan sai hanyar da ƙarfi ke bi zuwa taya, wato kuloci, akwatin giya, farfela da aksil na baya. Abin da ke karya waɗannan ba gudu ba ne, ƙarfin murɗawa ne, kuma injin gas mai turbo yana da shi sosai tun daga ƙananan juyi. Kamfanin da kansa bai haɗa manyan injinansa da ƙaramin akwatin giya ba, wani mai ƙarfi ya yi musu. Don haka mai hankali yakan sayi inji tare da akwatin giyarsa da kulocinsa, ko da ya fi tsada. Wanda ya bar tsohon kuloci zai ji ƙaurinsa a hawan farko da lodi. Haka nan injin gas ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, idan haƙoran aksil ba su dace da shi ba, sai ka ji mota tana kuka kamar za ta tashi sama amma keke-mai-inji yana wuce ta.

Injin gas ya fi nauyi, saboda haka gaban mota zai sunkuya in ba a sake sifirin da shokazoba ba. Kafin a ɗaura shi kuma a kwanta a ƙarƙashi a duba ƙarfen da zai zauna a kai, domin walda a kan tsatsa ba ta riƙe komai. Batir da sitata su ma sai manya, tanki sai an wanke, a kuma ja bututun da ke mayar da ragowar mai.

Taya ba za mu wuce ta da sauri ba, don ita kaɗai ke taɓa ƙasa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2314, mako na 23 ne na shekarar 2014. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta bushe a sanyin Turai, ta zo ta haɗu da kwaltarmu da tsakar rana. Akwai kuma lamba da harafi masu nuna iyakar nauyi da gudun da za ta iya ɗauka. Mai sayarwa ba zai karanta maka ba, kai za ka duƙa ka duba.

Saura takardu, waɗanda mutanenmu suka fi rainawa. Katin mota yana ɗauke da irin man da take sha da ƙarfin injinta, kuma a kan wannan ne kamfanin inshora ke yanka kuɗi. Ƙarƙashin dokar inshora ta CIMA, wadda Benin da Nijar da Togo ke aiki da ita, ɓoye gaskiya da gangan yana iya rushe yarjejeniya. Wato motar da katinta ya ce fetur, cikinta kuma gas mai turbo, in ta yi haɗari da fasinjoji, mai ita na iya samun kansa shi kaɗai gaban iyalan mutane. Hukumar ANaTT ce ke da alhakin katin mota, cibiyar CNSR kuma ita ke duba lafiyarta. Wanda ya canza inji ya je ya bayyana, a gyara masa kati, sannan ya kai wa mai inshora kwafi kafin ya koma layi a tasha.