Aboabo: Wa Ke Tsaya Wa Baƙo a Kasuwa?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Shirinmu na musamman na yau ya yada zango ne a birnin Tamale da ke arewacin Ghana, a kasuwar Aboabo, inda ake sarin hatsi da doya da gyaɗa da ƙwarar kaɗanya.

Wanda ya yi sammako zai tarar da manyan motocin Techiman da Kumasi sun ja layi, kekunan dako masu ƙafa uku suna kutsawa tsakaninsu, shaƙe da buhunan masara daga Savelugu da Tolon da Kumbungu. Kafin ya kai ƙarshen layi ɗaya kunnensa ya ji Dagbanci, ya ji Hausa, ya ji harshen Asante, ya ji na Mosawa, ga Turanci da Faransanci suna leƙowa jefi-jefi. Kowa da irin gaisuwarsa, kowa da irin awonsa, kowa da abin da ya ɗauka cin fuska ne. Amma kafin azahar an ɗinke buhu da basilla, an shafa masa alamar mai shi da fenti, mota ta tashi. Tambayar da muka zo da ita ke nan: mutanen da ba su haɗa harshe ko sarki ko kotu ba, me ke sa wani ya miƙa wa wani dukiyarsa ya juya baya?

Amsar ta girmi Aboabo, ta ma girmi Tamale a matsayin babban gari, don sai a 1907 Turawan Ingila suka ɗauko hedikwatarsu ta arewa daga Gambaga suka kawo ta nan. Kafin nan, sunan da fatake suka sani shi ne Salaga, can kudu maso gabas, a ƙasar Gonja. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina bayan kaka, madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da baƙin rinin Kano da jima da gabu. Su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su biyo ta Sansanne Mango da Yendi, watanni suna tafe, su sauke a Salaga su ɗauki goron da ya fito daga dazukan Asante. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da wannan hanya suka yi suna.

To, bafatake ya iso garin da bai san kowa ba, da dukiyar shekara guda a bayan jaki. Ina zai nufa? Gidan maigida. Maigida ne zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta. Abin da ya fi duka nauyi kuwa, shi ne zai tsaya idan an ba da kaya bashi. Mai saye ya gudu? Maigida ya biya daga aljihunsa, don in bai biya ba labari zai riga shi isa Kano, kuma baɗi babu baƙon da zai sauka a ƙofarsa. La'adar da yake karɓa kuɗin wannan kasadar ce. A ganina nan ne asirin yake. Ba kyawun hali kaɗai ya riƙe fataucin Gonja ba. An tsara abin ne ta yadda akwai mutum ɗaya, sananne, mai gida da iyali a garin, wanda asara za ta faɗa a kansa idan amana ta karye.

Salaga ta soma ja da baya bayan Ingila ta ci Kumasi da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasar 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Yeji da wasu garuruwa. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, yana cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi, kuma can ya rasu a 1934. Hanya ta sauya, tsarin bai mutu ba. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro a wannan ƙasa, yana cikin na farkon da suka riƙa ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Legas. Da kamfanonin Turawa suka zo neman gyaɗa a Kano bayan isowar jirgin ƙasa, irinsa suka nema, mutumin da ya san manomi, ya san harshe, aka kuma san gidansa.

(Sautin kasuwa)

Mu dawo Aboabo ta yau. Wata 'yar kasuwa tana zaune a Kumasi, tafiyar kusan kilomita 380, ta bugo wa dillalinta na Aboabo waya: "Alhaji, yaya masara yau?" Ya faɗa mata. Ta turo kuɗi ta waya, tsarin da MTN ta kawo Ghana a 2009. Ba ta ga buhu ko ɗaya ba. Shi zai soka ƙarfe a cikin buhu ya zaro tsaba, ya murza a tafin hannu, ya ciza ya ji ko ta bushe, ya duba ko ƙwaro ya shiga, ya tabbata ba a sa mai kyau a baki an cusa dusa a ƙasa ba. In kaya suka isa Kumasi da matsala, ba manomin Tolon za ta kira ba. Alhaji za ta kira. Waya ta rage tafiya, ba ta rage bukatar wanda zai tsaya ba.

Kuma aikin nasa ba a kan hatsi ya tsaya ba. Baƙon da ya shigo da gaggawa, ya tsaya ƙiƙam a kan dattijuwar Badagomba ya ce "nawa?" ba tare da ya rusuna ya gaishe ta, ya tambayi kwana da gida da gajiya ba, ya riga ya ƙara wa kansa farashi bai sani ba. Ga kuma lissafi. Tun a watan Yulin 2007 Ghana ta cire sifiri huɗu daga kuɗinta, Sidi 10,000 na da ya koma Sidi 1, amma har gobe za ka ji ana cewa "miliyan ɗaya" ana nufin Sidi 100. Mutumin Maraɗi ko Dawanau da ya fara zuwa, ya ji an yi masa kuɗin buhu da miliyoyi, sai ya riƙe baki. Dillali ne zai raɗa masa abin da ake nufi, shi ne kuma zai juya masa Sefa zuwa Sidi, ya gaya masa ko yau ranar canji ce ko ya dakata. A 2022, lokacin da Sidi ya yi mummunar faɗuwa har hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, wanda ya ba da kaya bashin wata guda ya karɓi kuɗinsa cif, amma bai iya sake cika motar da ya sauke ba.

Akwai asarar da ta fi ƙarfin kowane maigida, ita ce wadda hukuma ke jawowa. Mutanen Tamale sun ga wannan da idonsu. Kafin 1969, Yarabawa, musamman 'yan Ogbomosho da Shaki da Igboho, su ne ke riƙe da rumfuna masu yawa na tufafi da kayan koli a kasuwar garin. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Ghana ta Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Mutane suka karyar da kaya, suka bar gidaje da basussuka, ciki har da Hausawan zango da aka haifa a nan. A 1983 Najeriya ta rama a zamanin Shagari, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka kwaso kaya suka dawo. Duk wannan bai zama darasi ba. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta keɓe ciniki a rumfunan kasuwa ga 'yan ƙasa, ta ce baƙon da ke son saye da sayarwa sai ya kawo jarin dala miliyan 1. Da ita aka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akara a 2019 da 2020, daidai lokacin da ita ma Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Abin takaici, a wannan Akara ɗin ce aka ajiye sakatariyar yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka, wadda aka sa wa hannu a Kigali a 2018. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya tsare motocin albasar Galmi a kan iyaka, albasa ta ruɓe, farashi ya tashi a kasuwannin Ghana. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar, alhali hanyar da ta tashi daga Tamale ta bi Bolgatanga da Paga, Burkina take faɗawa.

(Kiɗa)

Yanzu ga kayan da ya fi kowanne nisan tafiya daga Aboabo, wato ƙwarar kaɗanya. A nan nake so mu ɗan zauna.

Kaɗanya ba a cika shuka ta ba, a daji da gonaki take fitowa, kuma takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Daga watan Mayu zuwa Agusta mata ke fita tun duku-duku, suna laluben ciyawa mai raɓa da hannu, a lokacin da macizai suka fi yawo. Su ɗauko a ka, su cire naman, su tafasa ƙwarar, su shanya ta a tsakiyar damina, su fasa ɓawo, su sake shanyawa. Daga nan sai kasuwar ƙauye, wadda a ƙasar Dagbon take ci bayan kwana shida-shida. A nan ake auna ta da kwano, a tara a buhu mai kimanin kilo 85, a kawo Aboabo, daga nan a gangara da ita tashar jiragen ruwa ta Tema.

Me Turai ke yi da ita? Yawancin mutane za su ce man shafawa, amma mafi yawan abin da ake fitarwa cikin abinci yake shiga, musamman cakulan. A shekarar 2000 Tarayyar Turai ta amince a sa man da ba na koko ba har kashi 5 cikin 100 a cikin cakulan, kuma man kaɗe na cikin 'yan ƙalilan da aka lissafa. Hukunci ɗaya da aka yanke a can ya ƙara wa bishiyar da ke bayan gidan wata mata a Kumbungu daraja, ita kuwa ba wanda ya zo ya sanar da ita.

Mai sayen waje yana zuwa da sharuɗɗansa. Shi ba ya ciza ƙwara, na'ura yake sawa ta auna laima da tsamin mai da yawan datti. Idan aka bar ƙwara ta kwana da yawa ba a tafasa ba, ta soma tsiro, mai ya yi tsami. Idan rana ta ƙi fitowa aka busar da ita a kan hayaƙi, gwajin Turai zai kama. Shi da kilo yake saye, ita da kwano take sayarwa, kuma kwanon mai saye a kan cika shi har ya yi tozo. Tsakanin tozon kwano da allurar sikeli akwai riba mai yawa, kuma ba aljihun mai tsinta take shiga ba. Ga shi kuma lokacin tsintar ya faɗo a tsakiyar yunwar damina, rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba. Dole ta sayar a lokacin da ƙwara ta fi araha, wanda ke da jarin ajiyewa ya sayar da rani da tsada. Bafataken Salaga yana da maigida. Wannan mata, wadda duk cinikin ya rataya a wuyanta, ita ce ba ta da mai tsaya mata.

Kamfanonin da suka yi nisa a wannan harka sun gane haka, kuma abin da suka yi ba baƙon abu ba ne ga ɗan zango. Tun 1994 kamfanin The Body Shop na Ingila ke sayen man kaɗe daga ƙungiyar matan Tungteiya a ƙauyukan da ke kewaye da Tamale, da farashin da aka daidaita da ƙarin kuɗin ayyukan gari. Kamfanin AAK mai hedikwata a Suwidin ya fito da shirin Kolo Nafaso a Burkina Faso a 2009, daga baya ya shigo da shi Ghana: a ba ƙungiyar mata kuɗi tun farkon damina, a koya musu tafasa da shanya, a auna a gabansu, a ƙara musu wani abu in kaya sun yi kyau. Ma'aikacin da ke jin Dagbanci, wanda ya san magajiyar kowace ƙungiya, ya kai mata gaisuwar mutuwa da ta suna, shi ne ke riƙe da wannan ciniki, ba takardar da aka rubuta da Turanci ba. Ban ce wannan ya share hawayen kowa ba. Matan da ke cikin irin waɗannan shirye-shirye ba su kai waɗanda ke waje yawa ba, kuma har yanzu mai saye ne ke yanka farashi. Amma inda aka ba mace kuɗi a hannu a watan Yuni, ba ta da dalilin barin a sare kaɗanya a yi gawayi.

Sai ga sabon al'amari. A ƙarshen 2024 Burkina Faso da Mali suka hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya don masana'antunsu na gida su samu, a watan Agustan 2025 Najeriya ta bi sahu. A Najeriya farashi ya faɗi a hannun masu tsinta. A Ghana kuwa masu saye suka yo ca, ƙwara ta yi tsada. Mai tsinta ta ji daɗi. Maƙwabciyarta, wadda ke sayen ƙwara ta soya ta niƙa ta buga da hannu har mai ya taso, ta kasa sayen abin aikinta. Mata biyu a ƙauye ɗaya, wani lokaci ma kishiyoyi a gida ɗaya, abin da ya ɗaga wannan shi ya danne waccan. Masu masana'anta suka yi ta kira Ghana ma ta rufe ƙofa, masu fitarwa suka ce a bar ta a buɗe, ita kuwa ƙungiyar kaɗanya ta duniya, Global Shea Alliance, a Akara take zaune tun kafa ta a 2011. Roƙonmu ga masu yanke wannan hukunci shi ne su hau mota su zo Tamale a watan Yuli, su zauna da magajiyoyin masu tsinta da na masu bugun mai, da tafinta a tsakani, su kuma zo da sikelin da za a kafa a kasuwannin Savelugu da Tolon da Kumbungu, inda mace za ta ga nauyin kayanta kafin a faɗa mata kuɗinsa.

Masu sauraro, nan za mu dakata.