Yadda ake raya itacen lemo na tukunya a hunturun Turai

A Garwa, Njamena ko Maraɗi, itacen lemo ba ya neman hidimar da ta wuce ban ruwa da kare shi daga awaki. Ga Hausawan da karatu ko aiki ya kai su Faransa ko Beljiyam kuwa, lamarin ya sha bamban. Wasu kan sayi ɗan itacen lemon tsami a tukunya saboda ƙamshin farin furensa da ke tuna musu gida. Yakan yi kyau a baranda duk lokacin zafi, amma da an shigar da shi ɗaki a watan Oktoba, kafin ƙarshen Janairu ganyen ya zube. Akan ɗora laifin a kan sanyi, alhali abin da ya fi kashe shi shi ne ɗaki mai zafi marar haske, sai kuma yawan ruwa.

Darasi daga fadar Versailles

Faransawa sun daɗe da fama da wannan matsala. Tsakanin 1684 da 1686, maginin Sarki Louis na 14, Jules Hardouin-Mansart, ya gina wa itatuwan lemon fadar Versailles wani katafaren zaure mai tsawon mita 150 da bango mai kaurin mita 4 zuwa 5, tagoginsa na fuskantar kudu. Har yau akan kwashe itatuwa fiye da 1,000 da ke cikin akwatuna a shigar da su nan a lokacin kaka, a fito da su a watan Mayu, kuma wasunsu sun haura shekara 200. Zauren ba ɗumi gare shi ba; abin da ya yi fice da shi shi ne sanyinsa ba ya sauka ƙasa da digiri 5, ga kuma haske. Itacen yakan huta ne kawai har rana ta dawo.

Zafi da haske su tafi tare

A watan Disamba, tsawon yini a Paris bai wuce awa 8 da 'yan mintoci ba, yayin da a Njamena ya haura awa 11. Idan aka ajiye itacen a falo mai digiri 20 ko fiye, zafin na tura shi ya ci gaba da aiki, amma hasken da zai haɗa abincinsa da shi bai isa ba. Sai ya cinye abin da ya tara, ya fara zubar da ganye.

Saboda haka wurin da ya fi dacewa shi ne mai haske da sanyi-sanyi, tsakanin digiri 5 da 12: barandar da aka rufe da gilashi, matakalar bene mai taga, ko ɗakin da ba a kunna masa na'urar ɗumama. Wanda ba shi da irin wannan wuri ya ajiye tukunyar daf da tagar kudu, nesa da na'urar ɗumamar, ya ƙara mata fitilar shuka ta LED na awa 10 zuwa 12 a rana. Kada a ɗora tukunyar kai tsaye a kan tayil mai sanyi. Saiwar lemo takan kusan daina aiki ƙasa da digiri 13, kuma idan rana na dukan ganye alhali saiwar ta yi sanyi, ganyen kan rasa ruwa ko da ƙasar na jiƙe. Katako ko kwali mai kauri a ƙarƙashi ya wadatar.

Ban ruwa

Wanda ya saba da hunturun Sahel, inda iska ke busar da ƙasa cikin yini guda, hannunsa kan yi saurin kai wa buta. A nan akasin haka ake so. A tura yatsa santimita 2 zuwa 3 cikin ƙasar. In akwai danshi, a bari. In ta bushe, a zuba ruwa marar sanyi sosai har ya fito ta ƙasan tukunyar, sannan a zubar da wanda ya taru a faranti, domin ruwan da ya kwanta shi ke ruɓar da saiwa. Ruwan famfo a yankuna da dama na Faransa yana da alli da yawa, wanda kan sa ganye ya koma rawaya. Ruwan sama ya fi. Taki kuma a dakatar da shi muddin itacen na wurin sanyi, sai watan Maris.

Ƙwari

Busasshiyar iskar ɗaki na jawo wasu ƙananan ƙwari masu tsotse ruwan ganye, waɗanda ake kira cochenilles da Faransanci. Alamarsu ita ce ganye ya yi danƙo, ko a ga wani abu kamar auduga a gaɓar reshe. A riƙa duba bayan ganye kowane mako, a goge su da tsumma da ruwan baƙin sabulu, a maimaita har su ƙare.

Fitowa waje

Manoman Faransa kan jira a wuce ranakun 11, 12 da 13 ga Mayu, da suke kira Saints de glace, kafin su fitar da shuka mai tsoron sanyi. Ko a lokacin, a fara ajiye itacen a inuwa na mako ɗaya ko biyu, don ganyen da ya saba da ɗaki yakan ƙone a rana. Itacen da ya zubar da ganye kuma kada a yi saurin jefar da shi: a kankare ɓawon reshe da farce, in cikinsa kore ne, zai iya tohowa.

Mai neman fure ya sayi itace mai aure, domin wanda aka shuka daga ƙwallo yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya yi fure. Ya kuma saye shi a ƙasar da yake zaune: dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da dashen lemo daga ƙasashen waje saboda cututtukan shuka, kuma wanda ya ɗauko shi daga gida zai iya rasa shi a hannun jami'an kwastan.