Asalin Alu da A

Sau da yawa mukan ji ana gardama a kan ajami da boko, wani ya ce wannan na Musulmi ne, wancan na Nasara, kamar ba abin da ya gama su. To, bari mu duba baƙi ɗaya tak, watau alu, wanda yaran makarantun allo na Wurno su ke fara babbaƙu da shi.

A shekara ta 1905 wani Bature, Flinders Petrie, ya sami waɗansu rubuce-rubuce a kan duwatsu a Sarabiɗul Khadim, cikin hamadar Sina'i. Sun fi shekara 3,000. Cikin alamunsu akwai surar kan sa da ƙahoni biyu. A harshen waɗannan mutane sunan sa alp ne, saboda haka suka sa surar ta tsaya a maimakon sautin farko na sunan.

Finikiyawa, fataken bakin Bahar Rum, suka gaji baƙin. Daga gare su ya rabu biyu. Yunanawa suka karɓa, suka kira shi alfa, suka juya shi har ƙahonin suka koma ƙasa. Rumawa suka gada, shi ne A na boko. Kowa ya kifar da A zai ga kan sa. Ɗaya reshen kuwa ya bi ta hannun Aramiyawa da Nabaɗiyawa ya kai ga Larabawa. Garin saurin alƙalami ƙahonin suka ɓace, ya rage sanda ɗaya tsaye, shi ne alif. In mun kwatanta da shanun fadamar Rima, A rahaji ne, alu kuwa bokolo.

Mutanen Sin ma sun zana kan sa a kan ƙasusuwan duba da aka tono a Anyang, su ma sun fi shekara 3,000. Amma su har yau alamar tana nufin sa, suna kiranta niu. Don haka yaronsu sai ya koyi alamu dubbai, namu kuwa baƙaƙe ƙasa da talatin sun ishe shi farawa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno cikin 1837, da alif ya rubuta Infaƙul Maisuri. Mu da za mu koyar da A, kada mu raina almajirin da ya zo mana da alu, gama rabin aikin an riga an yi mana shi a kan allo.