Wuƙar Shiga Kurmi

Jama'armu masu shiga kurmi, ko masu sayen goro a ƙauyukan Shagamu, ko masu kora shanu, ba su rabuwa da wuƙa. Amma da yawa ƙyalli ne kan ruɗe su wajen saye.

Abin dubawa na farko shi ne ƙota. Wuƙar kirki ita ce wadda ƙarfenta ya ratsa ƙotar har gindi, aka kafe shi da ƙusoshi. Wadda aka soka ɗan siririn ƙarfenta cikin itace kuwa, ran da aka tsaga icen wuta da ita sai ta fizge, wataƙila har da yatsan mai ita.

Tsawon inci 4 zuwa 5 ya isa fiɗa da yanka igiya da feƙe turke. Saran reshe aikin adda ne.

Wadda maƙeranmu ke ƙerawa da sifirin mota tana kama kaifi ƙwarai, ba ta kuma da wuyar wasawa. Sai dai laimar Kudu ba irin ta Kano ba ce, kafin a ankara tsatsa ta hau ta. Saboda haka a riƙa goge ta ana shafa mata mai, kada kuma a bari ta kwana cikin jiƙaƙƙen kuben fata.